Aikin aji ko aikin ɗan aji: yadda za ka zaɓa tsakanin `cls` da `self` a Python

Akwai wani kuskure da na taɓa yi wanda kwamfuta ba ta ce mini uffan a kansa ba. Na rubuta wa wani kawuna mai shagon kayan masarufi 'yar manhaja da Python, tana karanta jerin kaya daga fayil tana fitar da farashi. Ƙa'idar shagon ita ce, duk wanda ya ɗauki dozin ko fiye daga kayan sari, a rage masa kashi 5 cikin ɗari. Bayan 'yan kwanaki sai ga kiransa: "Kai ɗana, wannan na'ura taka ba ta san ragi ba ne? Ga mutum ya ɗauki madara dozin biyu, ta yanka masa kuɗi kamar mai sayen ɗai-ɗai."

Na buɗe kod ɗin na yi ta dube-dube, lissafin ragin yana nan daram. Ashe kalma guda ce ta ɓata lamarin: na rubuta `Kaya` a wurin da ya kamata in rubuta `cls`. Za mu zo kan wannan kalma, amma sai mun fara daidaita sunaye.

Abin da Python ke kira `class` zan kira shi aji. Abin da aka ƙera daga ajin zan kira shi ɗan aji. Sunayen sun zauna daidai, domin haka abin yake a makaranta. Idan malami ya ce "nawa ka ci a jarrabawa?", dole akwai ɗalibin da yake nufi. Idan kuwa ya ce "ku nawa ne?" ko "a shigar da sabon ɗalibi", da ajin yake magana. Tambaya ta farko aikin ɗan aji ce, wanda ke farawa da `self`. Ta biyu aikin aji ce, wanda ake ɗora wa `@classmethod` a ka, yake farawa da `cls`.

Mataki na farko: fara da `self`, kada ka bar shi sai da dalili

Ga ajin da za mu yi ta juyawa:

```python
class Kaya:
    def __init__(self, suna, kobo, adadi):
        self.suna = suna
        self.kobo = kobo
        self.adadi = adadi

    def farashin(self, nawa):
        return self.kobo * nawa

    def sayar(self, nawa):
        if nawa > self.adadi:
            raise ValueError("babu isasshen kaya")
        self.adadi -= nawa

sabulu = Kaya("sabulu", 50000, 40)
```

Sabulu ne guda 40, kowane naira 500. `farashin` da `sayar` ba su da ma'ana sai an san wane kaya ake nufi. Farashin me? Sayar da me? Shi ya sa suke buƙatar `self`. Lokacin da ka rubuta `sabulu.farashin(3)`, a bayan fage Python na mayar da shi `Kaya.farashin(sabulu, 3)` ne, wato ita ke cusa sabulun a gurbin farko. Gwada rubuta na biyun da hannunka, za ka ga amsa ɗaya suke bayarwa.

Duk aikin da ke karanta ko canza abin da ya keɓanta da ɗan aji guda, nan ne gidansa. Mafi yawan ayyukan da za ka rubuta a rayuwarka irin waɗannan ne, don haka ba sai mun daɗe a nan ba.

Mataki na biyu: tambayi kanka, ɗan ajin ya riga ya wanzu?

Jerin kayan shagon yana zuwa ne layi-layi a fayil, kamar haka: `madara,1200,200`. Suna, farashi da naira, da adadin da ke sito. Muna son aikin da zai karɓi wannan layi ya ba mu `Kaya`.

Sabon shiga yakan yi haka: ya ƙera kaya na bogi, `Kaya("", 0, 0)`, sannan ya kira wani aiki mai `self` ya cike gurabun. Yana aiki, amma ka haifi kaya marar suna marar farashi, kuma ranar da wani ya manta bai kira aikin cikewar ba, shi ke nan, ga kaya na kyauta a rajistar shago. Matsalar a fili take: aikin da zai samar da ɗan aji ba zai dogara da ɗan ajin da ba a samar ba tukuna. Aji ne ya kamata ya yi shi.

```python
from decimal import Decimal

class Kaya:
    ...

    @classmethod
    def daga_layi(cls, layi):
        suna, naira, adadi = layi.strip().split(",")
        kobo = int(Decimal(naira) * 100)
        return cls(suna, kobo, int(adadi))

madara = Kaya.daga_layi("madara,1200,200")
```

A nan abin da Python ke cusawa a gurbin farko shi ne ajin kansa. `cls(...)` daidai yake da kiran ajin, yana bi ta `__init__` (aikin da ke tashi duk lokacin da aka ƙera ɗan aji) kamar kullum, don haka duk wani bincike da ka sa a can ba a tsallake shi ba.

Dalilin da wannan salo ya yawaita a Python shi ne, aji ba ya ɗaukar `__init__` biyu. A Java kana iya rubuta ƙofofin shiga da yawa, harshen ya zaɓi wadda ta dace da abin da aka miƙa masa. A Python idan ka rubuta `__init__` na biyu, sai ya shafe na farko kawai. To mafita biyu ce. Ko ka cika `__init__` guda da "idan rubutu aka ba ni... idan lamba aka ba ni...", har ya zama kasuwar bukata, ko ka bar shi tsaf yana karɓar abu iri ɗaya, ka buɗe wasu ƙofofi masu suna a gefe. Na biyun ya fi. Wanda ya ga `Kaya.daga_layi(...)` ya san abin da ake yi ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ba ni na ƙirƙiro salon ba, kana amfani da shi tun tuni. `date.today()`, `datetime.now()`, `date.fromisoformat("2024-10-01")`, `dict.fromkeys(...)`, `int.from_bytes(...)`, `bytes.fromhex(...)`, `Path.cwd()` da `Path.home()`, dukkansu ayyukan aji ne. Lura da yadda `from` ke yawan zuwa a farkon sunayensu. Idan kana sa wa kod ɗinka sunayen Hausa, `daga_` na yin wannan hidima daidai wa daida.

Wani ɗan tsokaci tunda mun taɓo kuɗi: ka ga na ajiye farashi da kobo, kuma na bi ta `Decimal`. Buga `0.1 + 0.2` a Python ka ga `0.30000000000000004`, za ka fahimci dalilin da ba a ba irin waɗannan lambobi amanar kuɗin mutane.

Mataki na uku: gado, inda `cls` ke nuna amfaninsa

Wani zai ce, to me ya hana in rubuta `return Kaya(suna, kobo, int(adadi))` kai tsaye? Ai sunan ajin na sani. Abin da na faɗa wa kaina ke nan a lokacin. Ga ajin kayan sari, wanda ya gaji `Kaya`:

```python
class KayanSari(Kaya):
    def farashin(self, nawa):
        cikakke = super().farashin(nawa)
        if nawa >= 12:
            return cikakke * 95 // 100
        return cikakke

madara = KayanSari.daga_layi("madara,1200,200")
print(madara.farashin(24))
```

`KayanSari` bai rubuta nasa `daga_layi` ba, na uban ya gada. Idan akwai `cls` a ciki, to `cls` a wannan kiran `KayanSari` ne, domin shi aka kira. Madarar za ta fito a matsayin kayan sari, amsa ta zama kobo 2736000, wato naira 27,360. Idan kuwa `Kaya` aka kafe a ciki, madarar za ta fito a matsayin kaya na gama-gari duk da cewa ta ƙofar sari ta shigo, amsa ta zama naira 28,800. Bambancin naira 1,440 ke nan, kuma babu jan rubutu, babu gargaɗi, manhaja na tafiya abinta. Irin wannan kuskure ya fi wanda ke tsayar da manhaja sharri, domin wanda ya tsayar da ita aƙalla ya nuna maka layin da zai sa ka duba.

A ganina wannan shi ne ainihin dalilin wanzuwar `@classmethod`. `cls` ba ya nufin "ajin da aka rubuta ni a ciki", yana nufin "ajin da aka kira ni da sunansa". Python kanta haka take yi da nata. Ƙirƙiri aji da ya gaji `dict`, ka kira `fromkeys` ta kansa, abin da zai dawo maka ɗan sabon ajin ne.

Sai dai `cls(...)` alkawari ne kake ɗauka a madadin magada, cewa duk wanda ya gaje ka zai karɓi abubuwa uku ɗin nan a wannan jeri. Ranar da wani magaji ya ƙara na huɗu, alkawari ya karye. Misali kayan gwangwani masu ranar ƙarewa:

```python
from datetime import date

class KayanGwangwani(Kaya):
    def __init__(self, suna, kobo, adadi, karewa):
        super().__init__(suna, kobo, adadi)
        self.karewa = karewa

    @classmethod
    def daga_layi(cls, layi):
        suna, naira, adadi, rana = layi.strip().split(",")
        return cls(suna, zuwa_kobo(naira), int(adadi),
                   date.fromisoformat(rana))
```

Da bai sake rubuta `daga_layi` ba, ƙofar da ya gada ba za ta iya ƙera shi ba: ko dai layi mai gida huɗu ya gagara rabuwa uku, ko kuma `__init__` ya yi ƙorafin ba a ba shi `karewa` ba. Saboda haka duk lokacin da ka canza `__init__` a ajin da ya yi gado, koma ka duba kowane aikin aji na uban da ke kiran `cls(...)`. Ko ka sake rubuta shi, ko ka ba sabon gurbin ƙimar da zai ɗauka idan ba a miƙa komai ba.

Idan kana rubuta nau'in abin da aiki ke dawowa da shi, daga Python 3.11 akwai `Self` a cikin `typing`. Rubuta `def daga_layi(cls, layi: str) -> Self:` sai masu binciken kod irin su mypy su gane cewa `KayanSari.daga_layi` kayan sari yake bayarwa.

Mataki na huɗu: idan ba `self` ba `cls`, fitar da shi waje

Ka lura na ambaci `zuwa_kobo` a sama ban ce daga ina ya fito ba. Yanzu wurare biyu ke mayar da naira kobo, ya kamata lissafin ya koma wuri guda. Ina za a ajiye shi? Ba ya taɓa wani kaya, ba ya ƙera kaya, bai damu da wane aji ya kira shi ba.

```python
def zuwa_kobo(naira):
    return int(Decimal(naira) * 100)
```

Shi ke nan, aiki ne mai zaman kansa a saman fayil. Akwai `@staticmethod` ga wanda ke son ya ajiye irinsa a cikin aji, don suna ya nuna inda ya fi kusa da shi. Ba laifi ba ne, amma ni ba kasafai nake yi ba. Waɗanda suka taso da Java sun fi yawan yinsa, saboda a can sun saba komai sai a cikin aji yake zama. Python ba ta ɗora maka wannan nauyi ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Duba cikin aikin da ka sa wa `@classmethod`, ka nemi kalmar `cls` bayan layin farko. Idan ba ta sake fitowa ba, ka sa masa rawanin da ba nasa ba.

Mataki na biyar: kayan da aji ya mallaka, da tarkon ƙirga

Amfani na biyu na aikin aji shi ne kula da abin da duk 'yan aji suka yi tarayya a kai. A nan ne mutane suka fi zamewa, don haka bari mu tafi a hankali. Muna son kowane rasit ya samu lambarsa:

```python
class Rasit:
    ta_gaba = 1

    def __init__(self):
        self.lamba = self.ta_gaba
        self.ta_gaba += 1
```

Ƙera rasit goma, duk za su fito da lamba 1. Ga dalili. Wajen karantawa, `self.ta_gaba` na dubawa a jikin ɗan aji, idan bai samu ba ya haura zuwa aji, sai ya samu 1. Wajen rubutawa kuwa ba ya haurawa ko'ina, a jikin ɗan ajin yake ajiye sabuwar ƙima. Kowane rasit ya samu tasa `ta_gaba` mai 2, ta aji tana nan a 1 ba wanda ya taɓa ta. Gyaran da aka saba yi shi ne:

```python
class Rasit:
    ta_gaba = 1

    @classmethod
    def sabuwar_lamba(cls):
        lamba = cls.ta_gaba
        cls.ta_gaba += 1
        return lamba

    def __init__(self):
        self.lamba = self.sabuwar_lamba()
```

Ka ga an kira aikin aji ta kan `self`, kuma ya halatta. Python za ta duba ajin wannan ɗan aji ta miƙa shi a matsayin `cls`. Yanzu lambobi na tafiya 1, 2, 3.

Amma tarkon bai ƙare ba, hawa ɗaya kawai ya yi. A ce akwai `RasitinSari` da ya gaji `Rasit`. An fitar da rasit uku na gama-gari, `Rasit.ta_gaba` ta kai 4. Sai aka fitar da na sari. `cls` yanzu `RasitinSari` ne, ya karanta 4 daga uba, ya rubuta 5 a jikin kansa. Ta uban tana nan a 4. Rasit na gama-gari da zai biyo baya shi ma 4 zai samu. Rasit biyu, lamba ɗaya. Dokar dai ita ce ta ɗazu: karatu na haurawa sama, rubutu na tsayawa inda yake.

To sai ka yanke shawara da gangan. Idan kana son kowane nau'in rasit ya yi ƙirgarsa daban, bar `cls`, amma ka rubuta `ta_gaba = 1` a cikin kowane magaji don ya fara daga nasa tushe. Idan kuwa littafi ɗaya ake so ga kowa, to nan ne wurin da kafe sunan aji ya zama daidai: rubuta `Rasit.ta_gaba += 1`. Abin da ya zama kuskure a mataki na uku shi ne gyara a nan, shi ya sa ba na yarda da masu cewa "kullum yi amfani da `cls`".

Gaskiyar magana kuma, lambar rasit ta gaske ba a jikin aji ake ajiye ta ba. Wuta ta ɗauke, kwamfuta ta mutu, an kunna, ƙirga ta koma 1. Ko manhajar tana gudana a kwafi biyu a kan saba (server, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima), kowane kwafi da nasa ajin da tasa ƙirgar. Irin wannan lamba a rumbun bayanai take zama, ko da SQLite ne da ke zuwa tare da Python. Abin da ya fi dacewa da jikin aji shi ne abin da ba ya canzawa bayan manhaja ta tashi, kamar kason ragi ko sunan tebur, wanda kowane magaji zai iya sa nasa, aikin aji kuma ya karanta ta `cls`.

Mataki na shida: wuraren da Python da kanta ta zaɓa maka

Akwai inda ba ka da ta cewa. A `unittest`, kayan gwada kod da ke zuwa tare da Python, `setUp` aikin ɗan aji ne da ke gudana kafin kowane gwaji, `setUpClass` kuwa sau ɗaya yake gudana ga ajin gaba ɗaya, kuma dole ka sa masa `@classmethod`. Nan ake buɗe abubuwa masu nauyi kamar haɗi da rumbun bayanai.

Sai `__init_subclass__`, wanda ya shigo a Python 3.6. Aikin aji ne ko ba ka sa masa alamar ba, kuma yana tashi duk lokacin da wani aji ya gaji naka. Yana da daɗi wajen yin rajista:

```python
class HanyarBiya:
    rajista = {}

    def __init_subclass__(cls, suna, **saura):
        super().__init_subclass__(**saura)
        HanyarBiya.rajista[suna] = cls

    @classmethod
    def nemo(cls, suna):
        return cls.rajista[suna]()

class Tsaba(HanyarBiya, suna="tsaba"):
    pass

class Tiransifa(HanyarBiya, suna="tiransifa"):
    pass
```

`HanyarBiya.nemo("tiransifa")` zai ba ka ɗan ajin `Tiransifa`. Gobe idan shago ya fara karɓar kati, sabon aji kawai za ka rubuta, ya shigar da kansa rajista.

Abu ɗaya da za ka guje wa: ɗora `@classmethod` a kan `@property`. An ba da damar haka a 3.9, aka yi gargaɗi a kansa a 3.11, aka cire shi a 3.13. Idan ka ci karo da shi a tsohon darasi, wuce shi.

Tunda an taɓo tarihi, `classmethod` ya shigo ne a Python 2.2 a shekarar 2001, lokacin babu alamar `@`. Sai ka gama rubuta aikin sannan ka ƙara layi a ƙasa, `daga_layi = classmethod(daga_layi)`. Alamar ta zo a 2.4 a 2004, kuma wannan wahala tana cikin dalilan kawo ta. Su kansu `self` da `cls` al'ada ce da PEP 8, wato takardar salon rubuta kod ɗin Python, ta tabbatar, harshen bai tilasta su ba, amma wanda ya canza su ya jawo wa kansa tsaki daga duk mai karanta kod ɗinsa.

Idan ka koma wani harshe kada ka ɗauka komai ɗaya ne. `static` na Java ba ya bin magaji, ya fi kama da `@staticmethod`. A PHP `self::` na manne da ajin da aka rubuta shi a ciki, `static::` da ya shigo a 5.3 shi ne takwaran `cls`. A Ruby kuwa `def self.daga_layi` na bin ajin da aka kira, kamar Python.

Mataki na bakwai: bi tsohon kod ɗinka da wannan ido

Buɗe wani aji da ka rubuta a baya. Nemi sunan ajin a cikin jikinsa. Duk inda ka ga `return Kaya(...)` a cikin `Kaya`, tsaya ka tambaya ko magaji zai so ya samu irin kansa. Idan aikin aji ne, mayar da shi `cls(...)`. Idan aikin ɗan aji ne da ke fitar da sabon kwafi, misali kayan da aka ƙara wa farashi, `type(self)(...)` ne ke yin wannan aiki.

Sannan nemi `__init__` da ya cika da `isinstance`. Kowane reshe a ciki yawanci ƙofa ce da ke neman sunanta, sai ka ciro ta ka mayar da ita `daga_` wani abu. Nemi kuma ayyukan da ke da `self` a layin farko amma ba su sake ambatonsa ba, ka ga ko na aji ne ko na waje.

Daga ƙarshe rubuta gwajin da ni ban rubuta ba a wancan lokaci. Layi uku ne:

```python
def test_sari_na_fitowa_sari():
    m = KayanSari.daga_layi("madara,1200,200")
    assert type(m) is KayanSari
    assert m.farashin(24) == 2736000
```

Nau'in magaji za ka gwada, ba na uba ba. Da `isinstance(m, Kaya)` kaɗai na rubuta, wato tambayar ko `m` cikin dangin `Kaya` yake, gwajin zai wuce ko da kuskuren na nan, tunda abin da ya fito `Kaya` ne ko ta wace hanya. Kuma duk sabon ajin da ya gaji `Kaya`, ƙara masa irin wannan gwaji a ranar da ka rubuta shi, da layin fayil irin nasa.